Keken tsere: kowane ƙarfe a jikinsa da labarinsa



Duk mai sammako a ƴan shekarun nan ya lura da wani abu a bisa gudro: matasa cikin riga mai ɗame jiki, sun duƙa kan wani siririn keke mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, suna sheƙa gudu. Shi ne keken tsere, wanda muka fi sani da velo kurs. Galibinsu na hannu ne, an hau su a Turai an gaji, aka loda a kwantena aka kawo mana. Yaro zai yi watanni yana tara jika bisa jika, ya saya, bayan sati uku ka tarar da keken jingine a zaure. Taya ta yi faci sau biyar, baya na ciwo, mai gyaran kartiye ya ce ba shi da kayansa. Sai a yanke hukunci a ce keken banza ne.

To, kafin a yanke hukuncin a ji tarihinsa. Kowane ƙarfe da ke jikin wannan keke an ƙera shi ne don maganin wata wahala da wani ya sha a hanya. Wanda ya san wahalar zai san abin da yake biya wa kuɗinsa, zai kuma san ko maganin ya dace da irin hanyoyinmu.

DAGA KATAKO ZUWA SARƘA

A shekarar 1817, a garin Mannheim na Jamus, wani mai suna Karl von Drais ya fito da wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da sirdi a tsakiya. Babu feda, babu sarƙa. Zama ake yi a riƙa tura ƙasa da ƙafa. Abin da ya gano kuwa har gobe shi ne asirin keke: ƙafa biyu a jere ba su faɗuwa muddin suna tafiya kuma ana iya karkata ta gaba.

Sai a shekarun 1860, a birnin Paris, a shagon wani maƙeri Pierre Michaux, aka fara ƙera irinsa da feda a jikin ƙafar gaba. Sunan da Faransawa suka ba shi ne aka gajarta ya zama velo da muke faɗi yau. Ƙafafun katako ne da aka zagaye da ƙarfe, hanyoyin kuma duwatsu ne, har Ingilawa suka yi masa laƙabi da mai girgiza ƙashi. Duk da haka mutane ba su jira ba, suka fara tsere. Ranar 7 ga Nuwamba 1869 aka tashi daga Paris zuwa Rouen, kilomita 123, kwatankwacin Maraɗi zuwa Tasawa. Wani Baturen Ingila mazaunin Faransa, James Moore, shi ya ci, bayan ya shafe sama da awa 10.

Matsalar wancan keke ita ce feda na manne da ƙafar gaba: ka juya feda sau ɗaya, ƙafar ta juya sau ɗaya. Mai son ƙarin gudu ba shi da dabara sai ya ƙara girman ƙafar. Haka aka yi ta ƙarawa har ta kai kusan mita ɗaya da rabi, mutum na zaune can sama kamar mai hawan raƙumi. Ɗan dutse kaɗan sai ya wuntsila ya faɗo da ka.

Wanda ya raba gardama shi ne John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila. A 1885 ya fito da keken da ya kira Rover: ƙafafu biyu masu girma kusan ɗaya, feda a tsakiya, sarƙa na kai ƙarfi zuwa ƙafar baya. Faranti mai haƙora babba a gaba, ƙarami a baya, ka juya feda sau ɗaya taya ta juya sau biyu ko uku. Duk keken da ke ƙasar nan, na mai tallan biredi da na ɗan tsere, jikan wannan ne.

TAYA

A 1888, a garin Belfast, wani likitan dabbobi John Boyd Dunlop ya ga ɗansa na shan girgiza a kan ɗan kekensa mai ƙafa uku, sai ya naɗa masa robar da ake hura wa iska. Ƴan tsere suka yi ta dariya, suna ganin abin wasan yara ne. Shekara ta zagayo, wani Willie Hume ya hau irin wannan taya ya lashe tsere a Belfast, dariya ta ƙare.

Sai dai da gam ake liƙa tayar a jikin gargare, faci ɗaya sai ya cinye wa mutum yini. Ƴan uwa biyu, André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand, suka ƙero tayar da ake iya cirewa a gyara a mayar. Don su nuna wa duniya, a 1891 suka ɗora ta a keken Charles Terront a tseren Paris zuwa Brest da komowa, kusan kilomita 1200. Ku auna, Yamai zuwa Damagaram ma bai cika 900 ba. Terront ya yi faci a hanya, ya gyara, ya iso na ɗaya cikin awa 71 da minti 22.

Ga inda labarin ya shafi mai saye. Ƴan tsere ba su bar tayar gam gaba ɗaya ba. Akwai wata iri da Faransawa ke kira boyo, wadda aka ɗinke robar ciki a cikinta sannan aka liƙa ta da gam, kuma tsofaffin kekunan tsere da yawa da ita suke zuwa. Mai facin bakin kasuwa ba zai iya mata komi ba. Kafin ka biya, a sace iskar a gani: in taya ta ɓanɓaru an ga robar ciki daban, to madalla. Abu na biyu faɗinta. Shekaru da dama ana ganin siririyar taya mai milimita 23 ta fi gudu, amma yau manyan ƴan tseren duniya sun koma 28 har sama, saboda ta fi riƙe ƙasa kuma ba ta ragu da gudu ba. A wurinmu, inda rami da tsakuwa da ƙayar tsidau da ta aduwa ke jira, mai faɗin ita ce ta gari. Lambar tana rubuce a gefen taya. Na uku kuma bakin da ake hura iska: siriri ne, famfon masu babur ba ya kama shi sai da ɗan ƙarfen haɗi. Siririyar taya na son iska mai ƙarfi, ninki biyu ko uku na tayar mota. Facin da ke damun sababbin mahaya yawancinsa ƙarancin iska ne, gargare ya daki bakin rami ya tsinke robar ciki.

MUTUMIN DA YA SHIGA MAƘERA

Jarida ce ta haifi Tour de France. Jaridar L'Auto na neman ta doke kishiyarta Le Vélo a kasuwa, sai shugabanta Henri Desgrange ya shirya tseren zagaye Faransa a 1903. Mutum 60 suka tashi, zango 6, kilomita 2428, mutum 21 suka kai ƙarshe. Maurice Garin, wanda sana'arsa ta farko sharar bututun hayaƙi ce, shi ya ci. Zangon farko kaɗai, Paris zuwa Lyon, kilomita 467 ne, dare da rana ake tafiya.

Dokar Desgrange mai tsanani ce: duk abin da ya lalace a kekenka, kai za ka gyara da hannunka. A 1913, Eugène Christophe na cikin waɗanda ake sa ran za su ci gasar. Yana gangarowa daga dutsen Tourmalet, sai ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba, wanda masu gyara ke ce wa furshi, ya karye. Ya saɓa keke a kafaɗa ya yi tafiyar ƙasa ta sama da kilomita 10 har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya nemi maƙera. Maƙerin na tsaye yana gaya masa yadda zai yi da baki, don ba shi da izinin taɓa ƙarfen, alƙalan gasa kuma na zaune suna sa ido. Christophe ya kama guduma da awartaki, hannu biyu duk sun cika, wa zai yi zuga? Wani ƙaramin yaro ya ja masa zugazugi. Bayan ya ɓata awoyi ya haɗa ƙarfensa, alƙalai suka ƙara masa tarar mintoci, wai ya karɓi taimako. Kun ji fa! Ya hau ya ci gaba, ya gama gasar a matsayi na 7. Shi ne kuma mutum na farko da ya sa rigar nan rawaya a 1919, kuma a shekarar ma furshin ya sake karye masa ana dab da gamawa, ya ƙare na 3.

Mi ya sa maƙerin ƙauye ya isa ya ceci keken Christophe? Saboda ƙarfe ne. Daga baya aka koma alminiyam don rage nauyi, sannan a shekarun 1980 aka shigo da kabon, wato zare ne da ake saƙawa a daskarar da shi da gam. Rage nauyin ya yi yawa har a shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Keken kaya irin namu kuwa yakan kai kilo 20. Mai sayarwa zai miƙo maka na kabon ya ce ɗaga da yatsa biyu ka ji. Gaskiya ne ba shi da nauyi. Amma in ya taɓa faɗuwa a Turai ko kwantena ta matse shi, tsagar na iya ɓoyewa ƙarƙashin fenti, ranar da zai karye ba ya sallama, kuma mai walda ba shi da abin yi masa. Na ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi maka gargaɗi, kowane gari kuma akwai mai gyara shi. Ga keken farko, na ƙarfe ko na alminiyam mai lafiya ya fi kwanciyar hankali. A duba wajen haɗe-haɗen, musamman bayan furshi: fentin da ya tattare ko ya tsage a nan alama ce an taɓa yin karo da shi.

GIYA

Mahayan farko giya biyu gare su, faranti ɗaya a kowane gefen tayar baya. In an zo hawan dutse sai a sauka, a kwance taya, a juya ta, a ɗaure. Ana ba da labarin wani ɗan tseren Italiya, Tullio Campagnolo, cewa a 1927 sanyi ya daskarar masa da yatsu a kan dutse har ya kasa kwance notin tayarsa, abokan hamayya suka wuce. Shi ne ya ƙero ɗan maƙullin nan da ake ɗagawa da hannu taya ta fita ba sai da sifana ba, kuma kamfaninsa na nan har yau. Na'urar da ke tsallakar da sarƙa daga faranti zuwa faranti, derayer, Desgrange ya daɗe yana ƙin ta, yana ganin ragwanci ce. Sai a 1937 aka yarda da ita ga kowa a Tour de France. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya haɗe canjin giya da hannun birki wuri guda.

Yau ana samun faranti 11 ko 12 a baya. Su an yi su ne don duwatsun Alp da Pirene. Daga Dogon Dutsi zuwa Gure, ina dutsen da zai buƙaci haka? Yawan faranti na nufin siririyar sarƙa mai saurin cinyewa, rairayi kuma abokin gabanta ne, sannan in ta tsinke samun irinta aiki ne. Mai 7 ko 8 ya wadatar, kayansa sun fi samuwa. A dubi haƙoran: in sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, sun ƙare, kuɗin canja su a cire daga farashi.

ISKA DA TSAWON MUTUM

Lanƙwasasshen kan nan ba ado ba ne. In gudu ya yi gudu, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen ture iska yake tafiya, duƙawa kuma na rage faɗin ƙirjin da iska ke duka. A 1989 Greg LeMond na Amurka ya shiga zangon ƙarshe na Tour de France Laurent Fignon na gabansa da daƙiƙa 50. LeMond ya ƙara wasu ƙarafa a kan keken da suka sa ya haɗe hannuwa ya ƙara kwantawa, ya sa hula mai tsini. Fignon ya fito kai buɗe. Bayan sati uku da sama da kilomita 3000, LeMond ya ci da daƙiƙa 8. Dalilin iskar ne kuma ya sa ƴan tsere ke jeruwa bayan juna: na baya na samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu daga Maraɗi ya nufi gabas ya san wannan karatu ba sai an biya masa ba.

Duƙawar nan ce ke sa keken tsere zama kamar takalmi, kowa da lambarsa. Ana auna shi da santimita, 52, 54, 56 da sauransu. Mai tsawon mita 1.70 zuwa 1.75 yawanci wajen 54 yake. Ka tsaya ƙafa biyu a ƙasa, keken na tsakaninsu: in ƙarfen sama na taɓa ka, ya yi maka girma, ko da an rage maka rabin kuɗi. Tsawon sirdi kuma, ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Ciwon baya da na gwiwa da ke sa a jingine keke a zaure daga nan yake farawa.

Sai hular kwano, kaske. Ƴan tsere sun daɗe suna ƙin ta, har yajin aiki suka taɓa yi a kanta a 1991. Fabio Casartelli ya faɗi ya mutu a Tour de France na 1995. Andrei Kivilev na Kazakistan ya mutu a tseren Paris zuwa Nice a Maris 2003, sannan aka wajabta ta a shekarar. Su fa a hanyar da aka rufe musu suke gudu. Mu kuwa hanyar ƙasa mai lamba 1 muke rabawa da kamyo da bas da amalanke da awaki. Wanda kuɗinsa bai kai keke da kaske ba, ya rage tsadar keken.

MU FA?

Keke ya shigo ƙasar Hausa zamanin Turawa, ya zauna a matsayin abin sufuri da ɗaukar kaya. Raleigh na garin Nottingham, wanda iyayenmu ke kira Rale, ta Kano da Katsina ya riƙa shigowa, ga Peugeot ta ɓangaren Faransa, daga baya Phoenix na Shanghai ya cika kasuwa. Buhun hatsi, jarkar ruwa, mai gida da uwar gida zuwa asibiti, duk ya ɗauka. Keken tsere ba a yi shi don wannan ba: ba shi da wajen ɗaura kaya, siririyar tayarsa kuma nutsewa take cikin rairayin lungu. Mai neman abin zuwa gona ko kasuwar ƙauye, Phoenix ɗin ko keken daji mai kaurin taya ya fi masa. Mai neman motsa jiki da nisan zango a gudro, shi ne mai keken tsere.

Kada kuma a ce wasan Turawa ne. Maƙwabtanmu na Burkina sun kafa Tour du Faso a 1987, zamanin Thomas Sankara. Ɗan Tarayyar Sobiyet ne ya ci na farko, amma da yake ana yi kusan kowace shekara, yaran ƙauye na ganin ayarin na wucewa, ƴan gida sun riƙa ci: Mathias Sorgho a 2018, Paul Daumont a 2023. Zafin rana da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa duk irin namu ne. A Eritiriya, Italiyawa ƴan mulkin mallaka suka kai keke, ƴan ƙasa suka karɓe shi ya zama wasansu na ɗaya. A 2015 Daniel Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse a Tour de France. A 2024 Biniam Girmay, haifaffen Asmara, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar, ya ci har uku, ya tafi gida da koriyar riga. A Satumba 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a nahiyarmu.

Mu ma mun san yadda ake raya wasa. Kokowa a dandalin ƙauye take bayan girbi, sai da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, ana zagayawa jiha jiha, rediyo na kai ta kowace bukka, sannan takobi ya zama abin da ƙasa ke tsayawa dominsa. Tseren keke a Faransa ma ƴan jarida da ƴan kasuwa suka kafa shi. Tseren Maraɗi zuwa Madarunfa da komowa, ko Damagaram zuwa Mirya, sau ɗaya a wata, da jami'an tsaro a gaba da motar asibiti a baya, bai fi ƙarfin ƴan kasuwarmu da gidajen rediyonmu ba.

Kai kuma da ke tara kuɗin kekenka na farko, tafi kasuwa da wanda ya san gyara, ka hau ka gwada birki da giya kafin ciniki. Ka ware kuɗin kaske da famfo da robar ciki biyu. Fitar farko kada ta wuce kilomita 15 ko 20, da sassafe, da gorar ruwa, ka riƙe gefen dama, ka bar kunnenka a buɗe don jin kamyo. Sati biyun farko sirdi zai yi maka zafi, kowa da haka ya fara. A hankali za ka ƙara nisa.

Allah ya tsare mahaya da masu tuƙi baki ɗaya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.